Sanyi a Ƙarƙashin Mayafin Inna

Tun da ido ya hana ni tuƙi, kusan kowannenku ya zo mini da shawara a kan motar Malam. Wannan ya ce a cire akwatin sanyin da ke ƙarƙashin dashbod, waccan ta ce a kira baduku ya ɗinke ramin da ke bayan kujera. Kwanan baya har wani cikinku ya kawo mini baƙo mai tara tsofaffin motoci, ya zagaya ta yana shafa jikinta yana yaba fenti, da ya leƙa ciki ya ga tiyo ya ratsa kujera sai ya kama baki ya ce wa ya yi wannan ɓarna. Na ce ni ne, ga ni tsaye a gabanka. Kun yi dariya, kun ɗauka son jiki ne irin na tsufa ya sa na huda abin da na fi so a cikin dukiyata. Ba haka ba ne, kuma tun da hannuna yana iya riƙe alƙalami gara in rubuta muku yadda aka yi, kada bayan raina ku gyara abin da ba lalacewa ya yi ba.

Kakanku Malam ya sayi motar nan ina ɗan shekara takwas, lokacin da fataucin yadi ya karɓe shi. Ruwan toka ce, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba doguwa guda ɗaya, kuma bai yi wata biyu da sayenta ba ya kira dukawa suka lulluɓe kujerun da jar fata, wai fatar Turawa tana manne masa a riga. Bayan rasuwarsa ta zauna a rumfar bakin lungunmu a Madabo shekara da shekaru, awaki na kwana a ƙarƙashinta, kaji na saka ƙwai a wurin ajiye taya. Da na yi ritaya daga koyarwa na ga zaman banza zai kashe ni, sai na ɗaura aniyar tayar da ita. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki, kuma na kafa wa kaina doka: ko ƙusa ɗaya ba za ta shiga jikinta ba sai irin wadda aka ƙera ta da ita. Na bi 'yan gwangwan rumfa rumfa. Saboda murfin fitila ɗaya na kwana biyu a Damagaram. Ƙanena Sani, baffanku, ya ce da rabin wahalar nan na yi a kan hadda da yanzu ni ke jan tarawihi. Ban kula shi ba. Ranar da ta tashi na zagaya gari da ita sau uku, duk wanda ya tsayar da ni sai na buɗe masa bonet na cika masa baki cewa yadda ta fito daga hannun maƙeranta haka take, ba ƙari ba ragi.

Sai in gaya muku yadda muke da Inna, don ku da kuka taso kuna hawa cinyar uwarku kuna kiranta a waya sau biyar a yini ba za ku gane ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mai kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo, yayar Malam, a Ƙofar Na'isa, can na girma har na yi aure. Ko da na dawo gidan Madabo bayan Malam ya rasu, muna kwana muna tashi a gida ɗaya, Inna ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa wa bango. In tana son wani abu sai ta kira uwarku Binta, ina zaune a wurin, ta ce a gaya wa wancan kaza da kaza. Sani kuwa har kunnensa take ja, yana da furfura. Ban taɓa cewa komai ba, don na san al'ada ce, amma zan yi ƙarya in na ce ba ya ci mini rai.

A shekarar da nake ba ku labari bazara ta zo da wani irin zafi, bangon ɗaki ma in ka jingina sai ka janye bayanka. Inna ta fara kumburin ƙafa, numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, a kiyaye ta daga zafi da wahala, in da hali kada ta fita sai asibiti. Ita kuwa ba a ɓoye mata abu. Wata ranar Laraba da hantsi ta kira Binta ta sa ta ɗauko takarda, ta lissafa mata gidaje goma sha ɗaya a cikin birni, na 'yan uwa da ƙawayen ƙuruciya da wata tsohuwar maƙwabciya da suka yi shekara ashirin ba sa ga-maciji a kan rariya. Ta ce duk za ta je ta nemi gafararsu kafin a kira ta. Na ce wa Binta ta ce mata ai ga waya, ko kuma mu ɗauko mata su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta juya fuska ga ƙofa ta ce:

"Ki gaya masa da ƙafata na je na ɓata musu, da ƙafata zan je in roƙe su. Mai neman gafara ba ya zama a kan gado a zo a same shi."

Sani ya kawo motarsa, sabuwa, mai baƙin gilas da sanyi kamar cikin randa. Muka tallabo Inna har bakin lungu muka zaunar da ita. Kujerar ta yi ƙasa, ta nutse a ciki, aka rufe ƙofa duhu ya rufe ta. Ba a ko tayar da inji ba ta fara bugun gilas. Da aka buɗe ta ce wa Sani:

"Fitar da ni, ja'iri. Da raina za ka gwada mini kwanciyar kabari? In ba motar Malam ba, ba inda za ni. Duk gidajen nan a cikinta na san su, su ma a cikinta suka san ni."

Motar Malam kuwa ba ta da sanyi, ba a ma yi ta da tunaninsa ba. In ta yini a rana, fatar kujerar kaɗai ta isa ta gasa mutum mai lafiya, balle tsohuwa mai ciwon zuciya. Na kwana uku ina juya maganar. Na san abin da za a yi, abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ni zan yi shi, ni mai dokar ƙusa. A rana ta huɗu na ji Inna tana tambayar Binta ko an sami labarin jikin Iya Lami, ƙanwarta, wadda ita ma take kwance. Na ɗauki makulli na fita.

Akwai wani mai gyaran sanyin mota a wajen Ƙofar Nassarawa, Haladu, dattijo ne sa'ana, siriri, ba ya gaggawar magana. Ya san motar, don na taɓa buɗe masa bonet na yi masa wa'azin da nake yi wa kowa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Malam Auwalu, ba kai ne ka ce ko ƙusa ba?"

"Ni ne. Yi aikinka ka bar tone-tone."

"To ka ji tun yanzu, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Zan yi wa kwamfuresa, uwar na'urar sanyin, mazauni da walda a gefen inji. Zan ƙara fuli, faifan da zai juya bel ɗinta. Kondensa, mai fitar da zafin gas, za ta zauna a gaban lagireto. Akwatin da zai busa sanyin a ƙarƙashin dashbod zan rataye shi, sannan zan huda bangon da ke tsakanin inji da ɗakin mota wuri biyu don tiyo ya wuce. Ramin nan ba ya komawa."

"Ba yadda za a yi ba huji?"

"Akwai. Ka saya mata mafici."

Mako uku aka yi. Kullum ina can tun safe a kan benci, ina sa ido kamar mai jinya, Haladu yana haƙuri da ni. Sau biyu ya ƙera mazaunin kwamfuresar yana warwarewa, don bel ɗin yana karkacewa da ɗan kaɗan, ya ce in aka bar shi haka wata rana zai tsinke a tsakiyar titi. Ranar huji ya ɗauko na'urarsa ya sa alama da alli, ya dube ni. Na ce ina zuwa, na tafi wai neman ruwan sha, amma ƙarar ta biyo ni har tsallaken titi. Da aka gama ya zuƙe iskar cikin tiyon, ya ɗura gas, ya ce in shiga in rufe gilas. Ya murɗa maɓalli. Injin ya ɗan yi nishi kamar an ɗora masa buhu, sai ga iska mai sanyi tana dukan gwiwata. Wallahi na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin. Haladu ya leƙo ya ce abu ɗaya zan kiyaye, gilas a rufe, in ba haka ba titi nake sanyayawa.

Muka sa fitar farko bayan la'asar, lokacin da rana ta ɗan karya. Na tayar da mota tun da wuri ta yi sanyi, aka zaunar da Inna a baya, Binta a gefenta. Ina alfahari a raina. Ba mu yi tafiyar taku talatin ba muka iso dakalin ƙofar gidan Liman, dattawa biyar na zaune a kan tabarma. Sai na ji ƙiƙi-ƙiƙi a bayana. Inna ce take murɗa hannun gilas.

"Binta, ki ce mata sanyin zai fita."

"Ki ce masa ya tsaya. Shekara sittin ban taɓa wuce ƙofar gidan nan ban yi gaisuwa ba, ba zan fara yau ba don an sa mini iska."

Na tsaya. Kun san gaisuwar mutanen cikin gari. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya zafi, yaya mai ɗakin, ina labarin wance da aka kai Gwale, ashe wane ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Kowanne cikin biyar ɗin sai da ya taso ya zo bakin taga. Muka matsa, ta rufe, ba a yi nisa ba ga mai goro da ya san Malam, ta buɗe. Ga wata tsohuwa da ƙwaryar fura, ta buɗe. Abin da ni da Haladu ba mu sa a lissafi ba ke nan, mu biyu da furfurarmu, kuma dukanmu haifaffun birnin nan: a cikin ganuwa mutumin kirki ba ya wuce na sani da gilas a rufe. Wanda ya yi haka an gama da shi, an ce ya yi kuɗi ya daina ganin mutane. Ina mai zuwa neman gafara za ta fara da ɓata wa unguwa guda? Ni kuma idona yana kan allurar zafi. Tsohon inji ne, an ɗora masa kwamfuresa, an toshe gaban lagireto da kondensa, ga shi ba gudu muke ba balle iska ta shige shi, tsayuwa ce kawai da rarrafe. Allura tana hawa ina kallo. Mun kusa fita babban titi, a cikin cunkoson a-daidaita-sahu, tururi ya turnuƙe daga bonet, mota ta yi shiru.

Cikin ɗan lokaci ɗakin motar ya koma tanda. Na waiga na ga kan Inna ya langaɓe a kafaɗar Binta, bakinta a buɗe, tana jan numfashi da ƙyar. Ban san sanda na fita ba. Mutanen wurin, Allah ya saka musu, ba wanda ya tambaye mu daga ina, suka kama muka shigar da ita zauren wani gida da ban san mai shi ba. Matan gidan suka fito da ruwan randa da mafici, wata ta jiƙa zane ta shafa mata a wuya. Na tsuguna a ƙofar zauren ina salati, ina cewa a raina na kashe uwata da taurin kaina da wayona. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne gidan wa aka shigo da ita, a gode musu da kyau. Ko gida ɗaya cikin goma sha ɗayan ba mu je ba. Da yamma Sani ya zo ya same ni a soro, ransa a ɓace, ya ce Yaya wannan wasan ya isa haka, in wani abu ya same ta a titi ba zai yafe mini ba. Gaskiya ya faɗa.

Washegari aka ja motar zuwa wurin Haladu, na isa da faɗa a bakina. Ya bar ni na zazzage tas, sannan ya tambaye ni sau nawa muka tsaya. Na ce ban ƙirga ba, ya fi goma. Ya tambaya gilas fa. Na faɗa masa. Sai ya zauna a kan taya ya yi ta dariya har da share hawaye.

"Laifina ne, Malam. Sanyin matafiya na sa maka, na masu rufe gilas su kama hanyar Zariya. Na manta 'yar Madabo za ka ɗauka. Da tawa uwar ce ma haka za ta yi."

"To yanzu fa? A hana ta gaisuwa?"

"Kai za ka hana ta? A'a. Motar za mu koya wa tsayuwa."

Ya lissafa mini: a ƙara wa lagireto layi, a sa fankar lantarki a gaba wadda za ta yi ta busawa ko mota na tsaye, a ɗan ɗaga numfashin injin. Fankar kuma tsohon dinamo, mai ba mota wuta, ba zai iya ciyar da ita ba, sai an sauke shi an sa na zamani. Dinamon da na yi wata shida ina nema. Na ce a sauke. Amma duk wannan injin ya ceta, bai ceci Inna ba, don muddin taga a buɗe take sanyin ba zai taru a baya ba. A nan dabara ta ƙare mana, mu biyu. Uwarku ce ta warware, a tsakar gida, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ku kuna ta son ku sanyaya mota. Motar ce ba ta da lafiya? Ku kawo iskar inda Inna take mana. Ai da mayafi take fita, a sa mata bakin abin a ƙarƙashinsa, mayafin ya riƙe."

Na kai wa Haladu maganar. Ya ce Hajiya Binta ta fi mu kai. Ya auna ta ƙasa, ba hanya, ƙarfen kujerar ya tare. Ta sama kuma tiyon zai yi tsawo, sanyin ya mutu a hanya, ga shi zai sarƙe hannun giya. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: daga akwatin, ta tsakiyar kujerar gaba, ya huda jinginar ya fito a gaban mai zama a baya. Wato ta cikin jar fatar Malam. Fatar nan ita kaɗai ce ban sake ba a duk gyaran da na yi, man shanu na yi ta shafa mata har ta farfaɗo, kuma a jinginar akwai wurin da bayan Malam ya goge ta yi duhu. Haladu ya ce shi dai ba zai sa mata wuƙa ba, sai dai in kira baduku. Na ce ba ni. Na yi bisimilla na yanka da hannuna. Shi ya sa ramin ya karkace, ba laifin Haladu ba ne.

Sani ya ce sai dai a gwada da shi tukuna. Muka zaunar da shi a baya da tsakar rana, Binta ta lulluɓa masa mayafinta, muka buɗe tagogi huɗu muka bar mota a tsaye a rana rabin sa'a. Allura ba ta motsa ba. Baffanku ya fito yana atishawa, ya ce a kai ta, amma a rage kaɗan kada a sa mata mura.

Haka Inna ta yi zagayenta. Ta zauna a baya, taga a buɗe har ƙasa, bakin tiyo a ƙarƙashin mayafi, mayafin ya kumbura ya yi tim. Mutane suna zuwa gaisuwa suna cewa kai Hajiya jiki ya yi kyau, har kin yi ƙiba, ita kuma tana cewa alhamdu lillahi ba ta gaya musu komai. Gida ɗaya muke yi a fita, wani lokaci a huta kwana biyu. Ni ba na shiga, a mota nake jira. Na ga ta fito daga wurin Iya Lami idanunta jawur. Na ga maƙwabciyar rariya ta rako ta har bakin mota tana riƙe da hannunta, su biyu suna kuka suna dariya, ta cusa mata ƙullin daddawa. Duk wanda ta roƙa ya yafe, kuma kowace fita sai na ga kamar an sauke mata wani abu daga ka.

Muna gida na bakwai 'yar uwarku Hadiza ta haihu, uwarku ta tafi zaman jego. Na ɗauka za a dakata, sai Inna ta sa aka gaya mini ba ta da kwanakin jira. Muka fita mu biyu, ba mai isar da magana. Tafiya ta yi tafiya har muka zo wata mararraba na rasa hanya. Sai na ji daga baya, a hankali:

"A bi ta hagu."

Ban waiga ba. Na lura in na ɗaga ido ga madubi sai ta yi shiru, sai na karkatar da madubin gaba ɗaya. Ashe abin da take bukata ke nan. Ƙeyata take gani, ba fuskata ba, kuma ƙeya ba ta da idon da za a ji kunya. A fita ta gaba ta ce nan da kasuwar 'yan itace ce. A ta gaba ta ba ni labarin ranar da Malam ya fara koyon tuƙi ya ture rumfar mai tsire. Na yi dariya, ita ma na ji ta yi. Ina da shekara sittin da biyar, ranar na fara jin dariyar uwata da ni a cikinta. Da mun dawo gida aka shigar da ita ɗaki sai a koma gidan jiya, ta amsa wa bango. Ban damu ba, na san gobe akwai mota.

Ranar da muka gama gida na goma sha ɗaya, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma zafin bai saki ba. Na juya kan mota zuwa Madabo, sai ta ce a bi ta Ƙofar Na'isa. Na ce a raina ko ta manta wani ne. Ta yi ta ba da hanya har muka shiga layin da na fi sani a duniya, ta ce a tsaya. Ƙofar gidan Gwaggo ce. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, gidan ma an sayar, an yi masa ƙofar ƙarfe, ba kowa a waje. Na ja birki na bar inji yana aiki, hannuna a kan sitiyari.

"Akwai dakali a nan da," in ji ta.

"Akwai, Inna."

"A kansa kake zama da allonka. Duk Juma'a sai na ce wa Malam a biyo ta nan, in ce hanyar ta fi kyau. Ya san ƙarya nake, bai taɓa faɗa ba. Sai ya rage gudu."

Na tuna. Ina ganin motar ta shanyo kwana sai in miƙe in ɗaga hannu, Malam ya ɗaga mini, ita kuwa ta kau da kai ta dubi ɗaya gefen. Shekara hamsin da wani abu ina ɗauke da wannan kau da kan.

"Tun daga kwana nake kallonka," ta ce. "Sai mun zo daidai kai nake juyawa. Na ga ranar da aka yi maka aski ya yi maka rauni a nan. Na ga sanda rigarka ta yi maka kaɗan, na sa aka aiko da wata aka ce daga Malam. Kowa na hanya ina buɗe taga in gaishe shi, har wanda ban damu da shi ba. Kai kaɗai nake wucewa. Haka muka tarar ana yi, haka na yi, amma na san yaro bai san al'ada ba, abin da ya gani ya sani."

Titin gabana ya dushe, ban iya share ido ba don kada ta ga hannuna ya tashi.

"Ban sa ka a takardar Binta ba, don ba zan iya faɗa a rubuta ba. Ka yafe ni."

"Inna, ba ki yi mini komai ba."

"Ba haka ake amsawa ba. Gida goma sha ɗaya na je, ba wanda na karɓi wannan a wurinsa."

Na ce na yafe, duniya da lahira, ni ma ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ban roƙa ba. Ta sa mini albarka, doguwa, irin wadda nake jin tana sa wa Sani ta bayan labule, ta haɗa da ku duka da sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji tafin hannunta a ƙeyata, ya yi sanyi saboda iskar da ke cikin mayafin. Ta ɗan bar shi a wurin, sannan ta janye.

"To a ja mu tafi," in ji ta, "kada abin nan ya sake tafasa."

Kwana goma sha tara ta ƙara a duniya, ba ta sake fita ba, ba ta kuma sake yi mini magana kai tsaye ba. Na gode wa Allah da ya ba ni taurin kan tayar da motar, ya kuma karya mini shi a kan lokaci. Na gode wa Haladu, na gode wa uwarku. Ranar jana'iza mutane suna ta ce mini in yi haƙuri, wai ni da ban shaƙu da ita ba abin zai zo mini da sauƙi. Na ce musu haka ne, don ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma ku 'ya'yana ne, ku sani: ina da uwa, na same ta mako uku, kuma sun ishe ni.